Wane ne "An"? Tambaya a kan iskar da muke shaƙa

Daga tsakiyar Nuwamba, in ka shiga amfi a Yamai ko ka zauna wata fada a Maraɗi, Tawa ko Damagaram, abin da za ka fi ji shi ne tari da atishawa. Mun saba da hakan. In ka tambayi mutum mi ya same shi, sai ya ce maka, "Lokacin ne," ko "Sanyi ne ya shige ni." Magana ta ƙare ke nan, a ci gaba da zuba shayi. Ni kuwa a nan nake so mu ɗan tsaya, ƴan'uwa ɗalibai, mu tambayi kanmu: in wani ya kasa numfashi saboda iskar garinmu, akwai mai alhaki, ko kuwa duka ƙaddara ce? Karatun kimiyyar harshe nake yi, don haka ta ƙofar kalmomi zan shigo wa tambayar. Amma kafin nan, bari mu san abin da ke cikin iskar.

Abu na farko shi ne ƙurar hamada. Hazon da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Maris daga arewa maso gabas yake zuwa, kuma babbar mahaifarsa wani kwari ne a arewacin Cadi mai suna Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce wurin gindin tafki ne, lokacin da Tafkin Cadi yake da faɗin teku. Ruwa ya janye, ya bar farar laka ta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara ƙarfi kamar ruwa a bakin tiyo, ta kwashe wannan garin ta yi sama da shi. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura, har wani ɓangarenta na ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Wannan ƙura ba mu muka tashe ta ba, ba mu kuma da ikon kwantar da ita. Ta daɗe tana tafiya tare da sanƙarau. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana yankin da cutar ta fi ɓarna, daga Senegal har Habasha, kuma Nijar na tsakiyarsa. Masana na danganta abin da busasshiyar iska mai ƙura, wadda ke raunata hanci da maƙogwaro ta buɗe wa ƙwayar cutar hanya. Da yawanmu mun tuna Afrilun 2015, lokacin da aka rufe makarantun Yamai saboda ita.

Abu na biyu shi ne garin fure. A lakwal an koya mana shi da sunan polen, alhali manomi na da sunansa tun da: bununi, wannan ɗorawar garin da ke zubowa daga zangarniyar gero in ta yi fure a watan Agusta zuwa Satumba. Gero da ciyayi iska ce ke kai musu garin daga wannan fure zuwa wancan, shi ya sa suke zubar da shi da yawa. Itatuwa irin su mangwaro da bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, yawanci ƙwari ne ke yi musu wannan aiki. Garin fure ba guba ba ne. Mutum goma za su shaƙe shi, tara su wuce lafiya lau, na goman jikinsa ya ɗauka maƙiyi ne ya shigo. Sai garkuwar jikin ta saki wani sinadari mai suna histamin, hanci ya toshe ya yi ta zubar ruwa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, atishawa ta yi ta zuwa a jere. In mutum na da fuka, hanyoyin iska na ƙirjinsa sai su matse, ya riƙa fito kamar usur. Ƙurar ɗaki da ta tsohuwar katifa ma kan tayar da irin wannan. Shi ne alerji.

Abu na uku shi ne hayaƙi: na juji da ake cinna wa wuta da maraice, na leda da tsofaffin tayoyi, na itacen girki, na kabu-kabu da tsofaffin motoci masu shan gazuwal, na janareta in wuta ta ɗauke. Ƙwayoyin hayaƙi sun fi na garin fure ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Waɗanda ba su wuce mikron 2.5 ba, wato sun fi silin gashi siranta kusan sau 30, hanci ba ya iya tare su, suna wucewa har ƙasan huhu, wasu ma su shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce bai kamata matsakaicinsu a shekara ya wuce mikrogiram 5 a cikin kowace mita kubik ta iska ba. Ita ce kuma ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, na kashe mutane kusan miliyan 7 duk shekara a duniya.

To, yanzu mu dubi harshenmu. Hausa ba ta talauce ba wajen sunayen iska. Muna da hunturu, muna da hazo da buda, muna da guguwa mai juyawa, muna da holoƙo mai zuwa gaban hadari. Kowace da lokacinta da halinta. Amma in aka zo ga abin da iskar ke yi wa hanci da ƙirji, kusan kalma ɗaya muke jefa komi a ciki: mura. Wanda ƙwayar cuta ta kama na kwana biyar, mura yake yi. Wanda bununi ke sa shi atishawa duk damina shekara goma a jere, shi ma mura yake yi. Wanda hayaƙin juji ya hana shi barci, mura ce dai.

Ba na cikin masu cewa harshe ne ke ɗaure tunani har mutum ya kasa ganin abin da ba shi da suna. Uwa ta san ɗanta na wahala ko ba ta taɓa jin kalmar alerji ba. Abin da na yarda da shi ya fi wannan sauƙi: ciwon da ba shi da suna, mai shi na shan wuya kafin a yarda da shi. Mura ai kowa na yi, kuma tana wucewa. Don haka in taka ba ta wuce ba, laifinka ne. Sai ka ji ana cewa, "Wanga akwai raki," ko "Ciwon ƴan gayu ne, mu da muka tashi cikin ƙura mi ya same mu?" Na san wata ƴar ajinmu da ke zuwa da takunkumi tun kafin korona ta koya wa kowa sa shi, kuma sunan da aka laƙaba mata shi ne "Madam Faransa". Buzu ya ja amawali ya rufe hanci, ba wanda ya ce mishi komi, don mun san dalilinsa. Ita nata dalilin ba mu da sunansa, sai muka kira shi iyayi. Akwai kuma hasarar kuɗi da ta lafiya. Tunda mura ce, sai a tsai da mai tallar magani a sayi amoksisilin, a sha, a sake saye. Maganin kashe ƙwayar bakteriya kuwa ba abin da yake yi wa alerji, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Su ma Turawan ba da sunan aka haife su ba. A 1819 wani likita a Landan, John Bostock, ya rubuta bayanin ciwon da ke kama shi duk bazarar ƙasarsu. Sai a 1873 Charles Blackley, likita a Manchesta, ya nuna cewa garin furen ciyawa ne sanadi, bayan ya yi ta gwadawa a jikinsa. Kalmar alerji kanta a 1906 Clemens von Pirquet na Biyana ya ƙirƙiro ta daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin "wani dabam", ɗaya "aiki". A 1952 kuma wani masani a Ingila, Hirst, ya ƙera wata na'ura mai zuƙar iska ta manna abin da ke ciki a kan gilashi mai danƙo, a sa madubin likita a ƙidaya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne aka samu abin da suke ji a rediyo tare da labarin yanayi: yau garin fure kaza ne a mita kubik, mai alerji ya yi hattara. Sun fara da mutum ɗaya da ya ce ciwona gaskiya ne, suka ba ciwon suna, sannan suka ƙidaya sanadinsa.

Wannan game da wanda ke shaƙa ke nan. Saura wanda ke turo hayaƙin, kuma a nan ne kalmar da ke kan taken rubutun nan ta shigo. A nahawun Hausa muna da ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Muna kuma da wani wakilin suna da ba ya nuna kowa, wanda wasu masana ke kira mutum na huɗu: an, ana, aka, za a. Faransanci na da ɗan'uwansa. Kayan aiki ne mai kyau. Da shi muke ladabi, mu ce wa babba "An tashi lahiya?" Da shi muke rufa wa mutum asiri, mu ce "an yi kuskure" don kada a kunyata shi cikin jama'a. Amma ku saurari yadda muke maganar iska. An sa wa juji wuta. Ana ƙone leda a bayan kasuwa. An cika gari da hayaƙi. Za ka rantse wani baƙo ne mai suna An yake shigowa unguwa bayan la'asar da ashana a aljihu. Alhali kowa ya san gidan da sharar ta fito, da yaron da aka aika, da wanda ya aike shi. Wata rana gidanmu ne. Haka kuma muke cewa "mura ta kama ni", "hayaƙi ya shige mishi ƙirji". Ciwon ne ke da hannu da ƙafa, mu dai abin ya faɗo mana.

Wani zai ce, to ni ƴar sharar da na ƙone, nawa take a cikin iskar gari guda? In na bari, hayaƙin Yamai ba zai ragu da ko ƙwayar zarra ba. Wannan hujja na da ƙarfi, domin gaskiya ce in aka ɗauki mutum ɗaya. Matsalarta ita ce kowa na iya faɗinta, kuma in kowa ya faɗa, an samu ɓarna babba wadda ba ta da mai ita. A wasu wurare ba mu yarda da irin wannan lissafi. In mutum ɗari suka ɗebi tiya ɗai-ɗai daga rumbun marayu har ya ƙare, ba wanda zai ce tiyata ba ita ta kashe su da yunwa ba, mu kuma mu sallame shi. Mun san kowa na da rabonsa na alhaki daidai abin da ya ɗiba. Bambancin kawai shi ne hatsi ana ganin ramin da ya bari, numfashi kuwa ba a gani. Ban da haka ma, hayaƙin jujinka ba ya rarrabuwa daidai wa daida a kan gari. Katangar da ke kusa yake fara tsallakawa. A lokacin sanyi, in rana ta faɗi ƙasa na saurin hucewa, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Hayaƙin da aka tayar da magariba ba ya samun hanyar hawa, sai ya bi lungu ya shiga ɗakunan da yara ke kwance.

Kakanninmu a karkara sun san wannan haƙƙi ba tare da na'ura ba. Macen da za ta sheƙe hatsi takan duba inda iska ta dosa kafin ta ɗaga ƙwarya, ta kuma nisanci inda mutane ke zaune. Har karin magana muka samu a wurin: ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Tsoron da ke cikin karin maganar shi ne sharrinka zai dawo maka. A birni kuwa sau da yawa ƙaiƙayin ba ya komawa kan masheƙiya. Mai janareta ya ajiye shi a bayan ɗakinsa, bututun na kallon tagar maƙwabci, shi yana ciki da fanka. Saboda haka tsoron abin da zai dawo mana bai isa ya hana mu ba. Sai mun yarda cewa numfashin maƙwabci na cikin haƙƙin maƙwabtaka, kamar yadda muka yarda ba a sakin ruwan wanka ya bi ƙofar gidansa. Wannan ma ba sabon tunani ba ne da aka kawo mana daga Turai. A ƙarni na 14, wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya a kan cutar da maƙwabci, kuma hayaƙin gidan burodi da na gidan wanka na cikin abubuwan da aka yi shari'a a kansu.

Akwai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a wurina: talauci. Mai ƙosai da ke hura itace da leda tun asuba ba don mugunta take yi ba, gaz ya fi ƙarfin jarinta. Ɗan kabu-kabu bai zaɓi tsohon inji don yana son hayaƙi ba. Unguwar da amalanken shara ba ya zuwa, in ba su ƙone ba, ina za su kai? Gaskiya ne, kuma ba a ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Su ne ma suka fi kowa shaƙa, ita da goyon da ke bayanta, shi da ke wuni bayan salansar wasu. Amma abin da hujjar ke nunawa shi ne alhakin hawa-hawa ne. Mai zaɓi ya fi marar zaɓi laifi, mai iko ya fi su duka. Tun 2014 Nijar na da dokar da ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita, ku kuma duba rassan itatuwan bakin hanya ku gaya mini abin da ke lilo a kansu. Talauci na rage wa mai ƙosai alhaki, ya ƙara wa waɗanda aka ɗora wa kwasar shara da tsaron doka. Bai mai da alhakin na "An" ba.

Hujja ta uku ita ce wadda muka fi so: ai ƙurar Allah ta fi hayaƙinmu yawa, me za a fasa? A ranar da hazo ya sauko sosai har jirgi ya kasa sauka, lalle ƙura ce ta fi yawa. Amma in ka tarar da jaki an labta mishi kaya har ƙafafunsa na rawa, ba ka cewa tunda kayan da yawa bari in ɗora nawa buhun. Huhun da Bodele ya riga ya gajiyar, shi ne ya fi cancanta a tausaya mishi. Imani da ƙaddara bai taɓa hana mu yin rigakafin sanƙarau ba. A 2010 Nijar na cikin ƙasashe uku na farko, tare da Burkina Faso da Mali, da aka fara allurar MenAfriVac, kuma irin sanƙarau ɗin da aka yi ta dominsa ya kusa ɓacewa. Mun bar wa Allah iskar hamada, muka ɗauki namu aikin. Hayaƙi na cikin namu aikin.

Me ke sa al'umma ta daina cewa "an"? Sau da yawa ƙidaya ce. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya kwanta a kan Landan kwana biyar. Mutanen garin sun saba da irinsa, suna ɗaukarsa halin garinsu ne, kamar yadda muke cewa lokacin ne. Da aka ƙirga mamata aka samu kusan 4,000 sama da yadda aka saba, daga baya ma aka gano sun fi haka, sai magana ta sauya, aka yi dokar tsabtace iska a 1956. A 2020 kuma, a wannan Landan ɗin, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya ƴar shekara 9 mai fuka, wadda ta rasu a 2013 kusa da wata babbar hanya. Mahaifiyarta ce ta yi shekaru tana neman a rubuta hakan. A nan gida, tun 2006 akwai na'urar auna ƙura a Banizumbu, gabas da Yamai, ɗaya daga cikin tashoshi uku da masu bincike suka jera a Nijar, Mali da Senegal. Ke nan ana iya auna iskarmu. Abin da nake fata shi ne ranar da awon zai fito daga rahoton masana da Faransanci ya shiga rediyo da Hausa da Zabarmanci, bayan labarun safe, uwar mai fuka ta ji ta san yau ba ranar aiken yaro kasuwa ba ce.

Kafin wannan rana, akwai abin da ke hannunmu mu ɗalibai, kuma ba ya cin ko dala. Mu yarda da wanda ya ce iska na cutar da shi, ko mu ba ta yi mana komi. In zai yiwu mu raka shi ya ga likita maimakon mai talla. Mu yayyafa ruwa kafin mu share ɗaki ko tsakar gida, kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Mu daina cinna wa shara wuta da magariba, mu kuma fitar da leda da batir daga cikinta. Wanda ke da alerji ya samu ɗan kaye ya riƙa rubuta ranar da abin ya tashi, da wata, da abin da ke cikin iska ranar: hazo, furen gero, sussuka, ko hayaƙi. Mutum hamsin a garuruwa huɗu suka yi haka shekara biyu, mun samu abin nuna wa likita da magajin gari. Mu masu karatun harshe kuma, aikinmu ne mu nemo kalmomin wurin manoma da tsofaffi, irin su bununi, mu dawo da su bakin ƴan birni, inda babu kuma mu ƙirƙira, don mai ciwon ya samu abin da zai faɗa ban da mura.

Na ƙarshe ya fi su wuya. Gobe in hayaƙi ya tashi a lungunku, gwada faɗin jimlar ba tare da "an" ba. In kai ne, ka ce na ƙone. In gidanku ne, ka ce mun ƙone. In maƙwabci ne, ka yi sallama ka same shi da ladabi, ka ce, "Baba, wutar nan da kuka sa tana shiga ɗakin su wane, kuma yaron na da fuka." Wataƙila ya ji haushi. Wataƙila kuma bai taɓa sani ba, domin duk shekarun nan abin da yake ji kawai shi ne ana ƙone shara a unguwa.